Lob wej: 58 ko 60 ko 64, wacce ta dace da mai buga golf na sha'awa?

Duk wanda ya ɗan jima yana buga golf akwai lokacin da wannan tambayar zata fara damunsa. Ka kawo ƙwallo kusa da girin (wato filin gajeriyar ciyawar da rami da tuta suke) lafiya lau, sai ka tarar kwarin yashi ne a tsakaninka da tuta, ita kuma tutar an kafa ta dab da baki, babu filin da ƙwallo zata gangara. Sandunan da ke jakarka duk gaba suke tura ƙwallo da gudu, kai kuma wadda zata cilla ta sama ta sauko ta zauna kake nema. Aikin lob wej kenan. To amma in kaje saye zaka ga an rubuta 58, 60, 62 har da 64 a gindin sanda, kuma kowa ka tambaya da abinda zai ce maka, wani yace 60 ce ta ƙwararru wani yace kar ma ka soma.

Ni dai bari in faɗi inda na karkata tun yanzu don kar in wahalar da kai, mafi yawan masu bugawa don nishaɗi 58 ce tasu, 60 sai mai atisaye da gaske, 64 kuwa sha'awa ce ta fi yawa a cikinta. Amma akwai mutanen da wannan hukuncin bai hau kansu ba, shi yasa gara mu bi abin daki-daki.

Abubuwan da zaka auna kafin ka ciro kuɗi

Na farko loft ɗin kansa, wato lambar nan ta gindin sanda. Digiri ne na yadda fuskar sandar ta kwanta baya. In lambar ta ƙaru fuskar na ƙara kallon sama, ƙwallo ta fi tashi, nisanta ya ragu, gangarawa bayan ta sauka ma ya ragu. Jin haka sai mutum yace to ai gara in ɗauki mai babbar lamba a wuce wajen. A nan gizo ke saƙar. Duk yadda fuska ta ƙara kwanciya, wajen da ƙarfe zai haɗu da ƙwallo daidai yana ƙara tsukewa, kuma yawancin ƙarfin bugunka sama yake tafiya ba gaba ba, don haka dole ka ɗaga hannu sosai don kawai ka kai ƙwallo yadi 25. Babban bugu a ɗan gajeren wuri kenan, in ka samu daidai abin sha'awa, in bakin sandar ya daki cikin ƙwallon kuwa duk ƙarfin nan da ya kamata ya tafi sama sai ya miƙe gaba, ƙwallo ta tsallake girin kamar an harba ta.

Na biyu, kuma shi mutane suka fi mantawa, loft ɗin fichin wej ɗinka, wato wej ɗin da ta fi sauran nisa cikin wej, gajerun sandunan bugun kusa. A da 46 zuwa 48 ake yin ta, yanzu kamfanoni sun tsayar da fuskar ayan (jerin sandunan ƙarfe masu lamba) don a ga suna nisa, sai ka ga fichin wej 43 ko 44 a setin da aka yi wa masu koyo. Ka shiga shafin kamfanin ka duba lambar taka kafin komai. Ana so tazarar da ke tsakanin wej da wej ta zama digiri 4 zuwa 6, wanda a hannun mutane da yawa yake ba da bambancin yadi 10 zuwa 15. Sannan ka tuna doka sanda 14 kacal ta yarda ka ɗauka, in ka wuce akwai tarar bugu biyu a kowane rami, iyakarta bugu huɗu a zagaye ɗaya. Kaga duk wej ɗin da ka ƙara akwai wata sandar da zata zauna a gida.

Na uku bawuns, kuma wallahi in da za'a ce in zaɓi abu ɗaya da yafi lambar loft muhimmanci shi zan ɗauka. In ka ajiye wej a kan tebur zaka ga bakinta na gaba bai taɓa tebur ba, tudun gindinta ne ya taɓa. Wannan kusurwar ita ce bawuns. Aikinsa ya hana sanda nutsewa cikin ƙasa ko yashi, bambancin mai bawuns da marar shi kamar na bayan cokali ne da bakin wuƙa, ɗaya ya zame ya wuce ɗaya ya kafe. Gene Sarazen ne ya yi suna da wannan dabarar, ya ƙara wa gindin sandarsa ƙarfe don ta riƙa zamewa a yashi, ya kuma ci British Open a 1932 da ita a jakarsa. Yanzu ana kasa shi uku, ƙarami wajen 4 zuwa 6, matsakaici 7 zuwa 10, babba daga nan zuwa 12 ko 14. Matsalar da take kama 'yan koyo ita ce lob wej da yawa, musamman 60 zuwa sama, da ƙaramin bawuns ake kawo su saboda ƙwararru haka suke so, mutum ya saya bai duba ba, daga nan ya fara sarar ƙasa yana zagin loft alhali ba laifin loft bane.

Na huɗu filin da kake yawan bugawa. Ƙasa mai tauri da ciyawa ƙwalƙwal tana son ƙaramin bawuns zuwa matsakaici, don babba zai daki ƙasa ya yi tsalle ya kama tsakiyar ƙwallo. Ƙasa mai laushi, ciyawa mai kauri, yashi mai zurfi, waɗannan babban bawuns suke so. Ka kuma duba girin ɗin, shin a kan tudu suke, ƙanana ne, masu santsi ne, ko kuwa manya ne shimfiɗaɗɗu da zaka iya gangaro da ƙwallo daga nesa.

Sai na ƙarshe wanda babu mai son a tambaye shi, minti nawa kake yi a sati kana atisayen gajeren bugu? Ba dukan direba (sandar dogon bugu) a renj (filin atisaye) ba, a'a, tsayawa gefen girin da ƙwallo goma kana maimaita abu ɗaya. Ka amsa wa kanka tsakani da Allah, don amsar ita zata raba gardamar 58 da 60.

Zama da 56 kawai, ba lob wej

Wannan ma zaɓi ne kuma ba abin kunya bane. San wej (wej ɗin yashi) mai 56 da bawuns 10 zuwa 12 tana fitar da ƙwallo daga yashi, tana yin gajeren bugu gefen girin, tana kuma yin cikakken bugu. In ka ɗan buɗe fuskarta kafin ka riƙe ƙotar zata ba ka tashin da ya kusa na 60. Kuɗi babu, tunda ba sabon abu ka saya ba, kuma kana da gurbin ƙara haibirid (sandar dogon bugu mai sauƙin bugawa) wadda ga mai koyo tafi amfani sau da yawa. Haɗarinta kaɗan ne. Inda take gazawa shine ƙasa mai tauri, don buɗe fuska yana ƙara bawuns, bakin sandar ya ɗago daga ƙasa, to a kan tsandauri wannan shirin dukan cikin ƙwallo ne. Kuma tunda ita kaɗai ke yin duk aikin, tsagun fuskarta zasu fi saurin cinyewa.

Digiri 58

A wajena nan ne daidai wa daida. Tana tashi sosai yadda zata tsallake yashi ta tsaya, amma bata kwanta har ta zama mai wuyar sha'ani ba. Abinda nafi so game da ita shine zaka iya yi mata cikakken bugu ba fargaba, ƙwallo ta tafi gaba yadda ake so, kuma in ka auna nisanta yau ka dawo gobe zaka samu kusan abu ɗaya. Sannan kusan duk kamfanin da ke yin wej, Titleist Vokey, Cleveland, Callaway, TaylorMade, Ping, suna yin 58 da bawuns kala-kala har da babba, don haka zaka samu wadda zata zame maka sandar yashi ma. Akwai kuma masu rami a baya da faffaɗan gindi irin jerin CBX na Cleveland, an yi su ne don wanda baya samun tsakiyar fuska kullum, in ayan ɗinka masu rami a baya ne to babu dalilin da zai sa wej ɗinka ta zama siririya irin ta ƙwararru.

Tana kuma shiga lissafin jaka cikin sauƙi. Mai fichin wej 46 sai ya yi 50, 54, 58. Mai 44 ya yi 48 ko 50, sai 54, sai 58. Wanda baya son wej da yawa ya yi 46, 52, 58 shikenan ya huta, tazarar digiri shida-shida. Abinda bata jituwa da shi shine 56, in kana da 56 ka ƙara 58 ka sayi sanda ɗaya sau biyu ne kawai, digiri biyu ba wani bambancin da hannun mai sha'awa zai ji.

Haɗarinta akwai amma da sauƙi. In tuta na dab da baki kuma girin na gangarawa ya bar ka, 58 zata iya barin ka da fotin (gangara ƙwallo zuwa rami a kan girin) mai ɗan tsawo. To fotin mai tsawo dai ai bugu ɗaya ne ko biyu, ba kamar komawa cikin yashi ba.

Digiri 60

Ita ce wadda kowa ke nufi in yace lob wej. Dave Pelz, wanda ya yi aiki a NASA kafin ya koma binciken gajeren bugu, shi ya yi ta kiran a riƙa ɗaukar wej ta uku mai kwanciya sosai, Tom Kite kuma yana cikin ƙwararrun farko da suka saka 60 a jaka tun wajen farkon shekarun 1980. A US Open na 1992 a Pebble Beach, ranar ƙarshe ana iska mai ƙarfi, da lob wej ya cilla ƙwallo daga gefen girin na rami na 7 ta faɗa rami, ya kuma ci gasar. Irin waɗannan labaran ne suke sa kowa son 60, kuma gaskiya a hannun wanda ya iya tana yin abinda 56 bazata yi ba.

Amma ka kalli yadda take kasancewa a hannun mai zuwa fili sau ɗaya a sati. Yana yadi 20 daga tuta, yashi a gabansa. Ya san sai ya ɗaga hannu sosai, ya ɗaga, to a hanyar saukowa sai zuciya tace kai wannan ƙarfin ya yi yawa, hannu ya yi sanyi, bakin sanda ya shige ƙasa tun kafin ya iso ƙwallo, ɓawon ciyawar da ya sara ya fi ƙwallon nisa. Bugu na gaba yana tsoron maimaitawa sai ya ɗago jiki da wuri, ya daki cikin ƙwallo, ta wuce girin ta faɗa can baya. Bugu biyu sun tafi a banza kuma har yanzu bai hau girin ba. Akwai na ukun ma, in ƙwallo na zaune a saman doguwar ciyawa mai laushi, 60 na iya wucewa ta ƙarƙashinta gaba ɗaya, ƙwallo ta ɗan yi tsalle ta dawo gaban ƙafarka. Wani lokacin har sanda ta sake taɓa ta a sama, sa'a dai tun 2019 doka ta daina cin tara a kan wannan in ba da gangan bane, bugu ɗaya ake ƙirgawa.

Cikakken bugu da 60 shima sai a hankali, ƙwallo na hawa fuskar sanda ta tafi sama maimakon gaba, yau ta yi nisa gobe ta faɗi gajere, in kuma akwai iska a gabanka to sai yadda ta yi da ita. Shi yasa masu iyawa da yawa basa yi mata cikakken bugu, rabi ko kashi uku cikin huɗu suke yi.

Duk da haka akwai wanda ita ce daidai da shi. Mai fichin wej 48 ko wanda ya riga ya mallaki 52 da 56, lissafinsa 60 yake kaiwa. In haka ne ka nemi mai bawuns 8 zuwa 10 ko ma sama, kar ka ɗauki mai 4 don ka ga wani gwani da ita a talabijin, shi filayen da yake bugawa da awannin da yake atisaye daban suke da naka.

Digiri 62 zuwa 64

Nan ba sai na ja ba. Phil Mickelson ne ya sa 64 ta yi farin jini, shi da aka sani da bugun nan da ƙwallo ke miƙewa sama ta sauko kusan inda ta tashi. Duk wahalar da na lissafa a 60 ka ninka ta. Aiki ɗaya take yi, kuma aikin baya zuwa kullum, zaka iya zagaye rami 18 baka ciro ta ba, ga shi ta cinye gurbi ɗaya cikin 14. Ba ko'ina ake ajiye ta ba, wani lokacin sai an yi oda, zaɓin bawuns ɗinta kaɗan ne, in ka gaji da ita kuma mai saye a hannunka sai an nema. In kana da 60 kuma ka iya buɗe fuska to ka riga ka mallaki 64.

Kuɗi da ƙarko

Wajen kuɗi loft baya canza komai, samfuri ɗaya farashi ɗaya ne ko 56 ko 60. Abinda ke canza farashi shine kamfani da shekarar fitowa. Vokey misali kusan duk shekara biyu suke sabuntawa, SM8 a 2020, SM9 a 2022, SM10 a 2024, kuma da zarar sabuwa ta fito ta baya sai ta sauko, alhali a hannun mai sha'awa aikinsu kusan ɗaya ne. Sabuwar sanda ta tsohon samfuri ita ce cinikin da yafi. 'Yar gwanjo kuwa a wej sai an yi hattara, direba ko fota (sandar fotin) zaka iya sayen na hannu ka more, amma wej tsagun fuskarta ne rayuwarta, su ke kama ƙwallo su juya ta har ta tsaya. Ka duba ƙasan fuskar, in ka ga wani da'ira ya yi sumul yana ƙyalli to ta gama aiki, ka ja farce a kan tsagun, in bai maƙale ba ajiye ta.

Titleist suna cewa wajen zagaye 75 ya kamata a fara duba tsagun wej, ga mai buga sau ɗaya a sati wajen shekara ɗaya da rabi kenan. Yashi ne yafi cin su, sai ƙwallayen renj masu tauri, don haka duk wadda ka mayar sandar yashi ita zata riga mutuwa ko da wane loft ce. Masu fuskar da ba'a shafa mata komai ba suna yin tsatsa, da gangan aka yi su haka, ba lalacewa bane. Ka kuma sani in ƙwallon da kake bugawa mai taurin fata ce irin ta neman nisa, ko 64 ka saya bazata tsaya yadda kake gani a gasa ba, masu laushin fata irin ta yuretan ne ke kama tsagu.

| Loft | Sauƙin bugu | Haɗari | Cikakken bugu | A yashi | Samuwa |
|---|---|---|---|---|---|
| 56 kawai | mai sauƙi | kaɗan | lafiya lau | tana yi sosai | ko'ina |
| 58 | da dama-dama | matsakaici | ana iya dogara da ita | tana yi in bawuns ya kai 10 | ko'ina, bawuns kala-kala |
| 60 | sai da atisaye | babba | nisa na rawa | ta fi a yashi mai tsayin baki | ko'ina, amma duba bawuns |
| 62 zuwa 64 | mai wuya | babba ƙwarai | ba aikinta bane | gajeren bugu kawai | ba kullum ba |

Wani abu kafin ka yanke. Ana iya lanƙwasa wej digiri ɗaya ko biyu a wajen mai gyaran sanduna, amma duk digirin da aka rage a loft kusan digiri ɗaya ne ke fita daga bawuns, wato 60 mai bawuns 8 in aka mayar da ita 58 ta koma mai bawuns 6. Don haka ba dabara bace ka sayi 60 da niyyar in ta gagara a gyara. In kuma zaka gwada kafin saye, nemi ciyawa ta gaske, tabarmar renj tana yafe kuskure, sanda ta daki bayan ƙwallo ta zame ta ba ka bugu mai kyau wanda a fili da ƙasa ka sara. Ka ari 58 da 60 a wajen abokan wasa, ƙwallo goma-goma daga yadi 20 da yadi 50, kuma kar ka ƙirga wadda tafi kusa da tuta, ka duba wadda tafi muni a kowane ɓangare, don ita ce ke ɓata maka kati.

To wa zai ɗauki wacce

In har yanzu kana fafutukar sauka ƙasa da bugu 100 a rami 18, zauna da 56 ɗinka, kuɗin ka kai su wajen koci ya nuna maka fita daga yashi, gurbin da ya rage ka saka haibirid.

In kana buga tsakanin 85 da 100, kana zuwa fili sati-sati amma atisaye sai an ga dama, 58 mai bawuns 10 zuwa 12, ka haɗa ta da 54 ko 52 gwargwadon fichin wej ɗinka. Haka ma wanda bugunsa ba ƙarfi sosai, dattijo ko mace ko matashi mai tasowa, don 60 a hannun mai sanyin bugu nisanta kaɗan ne har ya zama bata da amfani a cikakken bugu.

Mai sarar ƙasa da zurfi, wanda duk bugu sai ya ɗebo ɓawon ciyawa babba, ko mai buga fili mai laushi, shima 58 amma ya nemi bawuns mafi girma da faffaɗan gindi. Wanda kuma sharar ƙwallo yake daga sama baya taɓa ƙasa sosai, filinsa kuma mai tauri ne, 58 ko 60 mai bawuns 6 zuwa 8 zata fi masa.

In kana da 52 da 56 kana jin daɗinsu, kana buga ƙasa da 85, kuma kana ware ko da rabin awa a sati don gefen girin, ɗauki 60 mai matsakaicin bawuns, musamman in girin ɗin filinku ƙanana ne a kan tudu da kwarin yashi masu zurfi. 62 ko 64 kuwa sai mai handikaf (lambar auna ƙwarewa) ƙasa da 10 da ya riga ya ƙware da 60, yake buga girin masu santsi da tauri, kuma ya san takamaiman ramukan da zai ciro ta a cikinsu.